Yadda Za Ka Tunkari Matashin da Kake Fargabar Zai Kashe Kansa

Tambaya ɗaya iyaye da malaman makaranta suke ta maimaita mini, kowa da irin lafazinsa: "Yarona ya canza, ya daina shiga mutane, rannan har na ji ya ce gara ya mutu ya huta. Ta ina zan fara?" Ga amsar nan a jere. Zan riƙa cewa "yaro" don sauƙin rubutu, amma duk abin da na faɗa ya shafi yarinya.

Abu biyu kafin mu shiga. Na farko, wannan ba matsalar Turawa ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke ajalin 'yan shekara 15 zuwa 29. Na biyu, kuma shi ne ginshiƙin wannan jagora: lokacin da tunanin yake kai wa matashi maƙura ba ya daɗewa. Sau da yawa mintoci ne ko 'yan sa'o'i. Aikinka na farko shi ne yaron ya tsallake wannan lokacin da ransa, daga baya a nemi maganin abin da ya kai shi can.

Idan yaron ya riga ya sha wani abu ko ya ji wa kansa rauni, tsallake zuwa mataki na 8 yanzu.

Mataki na 1: Lura da abin da ya canza

Abin da za ka duba shi ne bambancin yaron na yau da na watanni biyu ko uku da suka wuce. Wanda ba ya rabuwa da filin ƙwallo ya koma kwanciya a ɗaki. Wadda ta saba hira a tsakar gida tana gama wanke-wanke ta shige ta ja labule. Barci ya ƙi, ko ya yi yawa. Kwano na dawowa da abinci. Karatu ya ja baya, wanka ma sai an yi da gaske. A wurin samari abin yakan fito ta hanyar saurin fushi, faɗa, tuƙin ganganci da babur ko fara shaye-shaye, sai a ce ya lalace, alhali ciwo ne yake cin sa.

Akwai alamomin da ba a jira a kansu ko kwana ɗaya:

Maganar mutuwa kowace iri: "na gaji da duniya", "da ba a haife ni ba", "kun kusa hutawa da ni".
Rabar da abin da yake ji da shi, kamar waya, takalmin ƙwallo ko littattafai.
Neman gafarar mutane ɗaya bayan ɗaya ba tare da wani dalili ba, ko rubutun ban-kwana a WhatsApp da Facebook.
Tara magunguna, ko tambayar inda aka ajiye maganin feshi ba lokacin feshi ba.
Tabon yanka a hannu ko cinya.

Ka haɗa waɗannan da abin da ya faru kwanan nan. Sakamakon JAMB, WAEC ko NECO da bai yi kyau ba, maganar auren da ba ta so, fyaɗe ko cikin da ake ɓoyewa, wani da ke barazanar yaɗa hotonta, bashin caca ta waya, rasuwar uwa ko uba, mutuwar auren iyaye, duka ko tozarci a gaban jama'a. Wanda ya taɓa yin yunƙuri a baya shi ya fi kowa shiga haɗari.

A kula: ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma a nan fuska na yaudara. Yaron da ya daɗe cikin ƙunci sai kwatsam aka ga ya sake, yana fara'a yana gaisawa da kowa, mai yiwuwa shawara ya yanke. Kada a yi hamdala a juya baya, a matsa kusa.

Mataki na 2: Zaɓi mai magana, da wuri, da lokaci

Ba dole ba ne uba ya yi wannan magana. A gidajenmu da yawa akwai kunya tsakanin iyaye da 'ya'ya, musamman ɗan fari, wanda wata uwar ko sunansa ba ta kira. Yaron da bai taɓa zama ya yi hirar minti goma da mahaifinsa ba, ba ranar da ya fi kowace rana shiga damuwa zai fara ba. A duba wanda yake sakewa da shi: kaka da suke wasa, kawu, gwaggo, yaya, ko malamin da yake girmamawa. Mutum ɗaya ya isa.

Wuri ya zama inda ba mai ji. Zaure da mutane ke wucewa bai dace ba, tsakar gida gaban ƙanne ma haka. Tafiya a ƙafa bayan la'asar, rakiya zuwa gona, zama a mota, ko tsince shinkafa tare a ɗaki sun fi zaman fuska da fuska, domin yaron da aka rena da sunkuyar da kai gaban manya ya fi samun bakin magana idan ba a kafe shi da ido ba. Ka ajiye wayarka, ka ware aƙalla awa guda.

Gargaɗi: kada a tara taron dangi a kansa. Zaman da baffanni biyar suka sa yaro a tsakiya, kowa na jefo tambaya, kotu ce a wurinsa, kuma abin da zai koya shi ne ya ƙara ɓoyewa. Haka nan idan damuwar daga wani ɗan gida ta taso, wannan mutumin ba ya cikin masu magana.

Mataki na 3: Yi tambayar kai tsaye

Nan ne mafi yawan mutane ke ja da baya, suna tsoron kada su sa masa tunanin da babu shi. Binciken masana ya daɗe da nuna cewa tambaya ba ta dasa wannan tunani. Wanda ba ya yi zai ce maka a'a. Wanda yake yi kuwa yakan ji sauƙi, don an samu wanda zai iya jin abin da ya kasa furtawa.

Ka fara da abin da idonka ya gani, ba da zargi ba:

"Ɗana, na ga kwana biyu ba ka cin abinci, ƙwallon ma ka daina fita. Hankalina bai kwanta ba. Me ke damun ka?"

Zai ce "ba komai". Kusan kowa haka yake cewa. Kada ka tashi. Ka ce, "To, ba sauri nake ba, ina nan." Shirun zai yi nauyi, ka bar shi ya yi. Idan ya fara magana, ko da kaɗan ce, sai ka kawo tambayar da sunanta:

"Wani lokaci idan abu ya yi wa mutum yawa, yakan ji gara ya mutu. Kana tunanin kashe kanka?"

Ka faɗe ta da muryar da kake tambayar mai zazzaɓi ko ya sha magani. Kada ka lanƙwasa ta ka ce "ba dai kana tunanin yin wata wauta ba ko?" Wannan tambayar ta riga ta gaya masa amsar da kake so, kuma ita zai ba ka.

Mataki na 4: Saurara, ka riƙe wa'azinka

Idan ya ce e, zuciyarka za ta buga, bakinka zai cika da magana. Abin da ya dace ya fara fitowa gajere ne: "Na gode da ka gaya mini. Ba kai kaɗai za ka ɗauki wannan ba. Ba ni labari." Daga nan ka bar shi ya fi ka magana nesa ba kusa ba. Ka riƙa maimaita masa abin da ka fahimta, misali "Wato tun da sakamakon ya fito kake jin ka kunyata Baba", don ya gyara maka idan ka kuskure.

Ga kalaman da suka fi rufe bakin yaro, kuma duk da kyakkyawar niyya ake faɗin su:

"Me ka rasa a gidan nan, ci ko sha?"
"Mu da muka sha wahalar da ta fi wannan ba mu mutu ba."
"Ƙarancin imani ne."
"So kake ka ja mana abin kunya?"
"In ka isa ka yi mu gani."

Na ƙarshen nan shi ne mafi muni, kuma ana faɗar sa cikin fushi fiye da yadda muke yarda.

Game da addini, ra'ayina shi ne a san lokacinsa. Yaron ya san haramun ne, tun yana Islamiyya ko makarantar Lahadi ya sani. Wannan sanin ma yana daga cikin abin da ya hana shi gaya wa kowa. Idan ka fara da wuta da azaba, ka ƙara masa shaidar cewa shi lalatacce ne. Imani kariya ce babba idan aka shigo da shi ta ƙofar rahama. Ayar Suratun Nisa'i ta 29 da ta hana kashe kai da ambaton jinƙan Allah ta ƙare. A bari sai ya gama magana, ya ji an karɓe shi, sannan a yi addu'a tare.

Gargaɗi: kada ka yi alkawarin rufe maganar. Zai ce "don Allah kada ki gaya wa Abba." Amsar ita ce: "Ba zan yaɗa ba, amma ranka ya fi ƙarfin in riƙe ni kaɗai. Mu zaɓi wanda za mu gaya wa tare." Wannan ya shafi abokai su ma. A koya wa matasa cewa wanda ya kai maganar abokinsa ga babba a irin wannan hali bai ci amana ba.

Mataki na 5: Auna girman haɗarin

Tambayoyi huɗu, ɗaya bayan ɗaya, cikin natsuwa. Ka tsara yadda za ka yi? Abin da za ka yi da shi yana hannunka? Ka sa lokaci? Ka taɓa gwadawa?

Idan akwai tsari, ko kayan na kusa, ko ya sa rana, ko ya taɓa gwadawa, ko yana cikin maye, ko yana cewa yana jin wasu muryoyi na ba shi umarni, to yau za a je asibiti, kuma ba za a bar shi shi kaɗai ba har a isa. Idan tunani ne ke zuwa yana wucewa babu tsari, a ga likita cikin 'yan kwanaki, amma mataki na 6 a yau za a yi shi.

Mataki na 6: Kulle abubuwan haɗari

Wannan shi ne mataki mafi arha, shi ne kuma aka fi mantawa. Mutane na cewa wanda ya yi niyya zai nemo wata hanya. Abin da aka gani a zahiri ya saɓa wa haka. A Siri Lanka, bayan an haramta mafi haɗari daga cikin magungunan ƙwari na noma, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 a cikin shekara ashirin daga 1995. A Najeriya ma irin wannan dalili ne ya sa hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a 2019. Idan abin ba ya kusa a wannan ɗan lokacin, da yawa sukan wuce shi.

Ka zagaya gidan da idon mai bincike. Fiya-fiya da maganin ɓera da ke ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa. Ragowar maganin feshi da aka dawo da shi daga gona aka jingine a zaure ko sito, da wanda ake zuba wa wake a buhu. Ledar magungunan kaka na hawan jini da ciwon suga da ke rataye a ƙusa. Bindigar farauta ko ta aikin sa-kai. Rijiyar da ba ta da murfi.

Abin da ake buƙata akwatin ƙarfe ne da kwaɗo, makullin kuma a jikin mutum ɗaya. Wanda ya fi wannan shi ne a fitar da kayan daga gidan gaba ɗaya, a kai shago ko gidan ɗan'uwa. Bindiga ba ta kwana a gidan. Idan yaron na shan wani magani, babba ne zai riƙe, ya ba shi na kowane lokaci a hannu. A yi magana da mai kemis na unguwa idan an yarda da riƙon sirrinsa.

A kula: kada a yi wannan a ɓoye kamar ana kama ɓarawo. A gaya masa: "Za mu ɗauke waɗannan na ɗan lokaci, don muna son ka." Kuma kada a juye maganin ƙwari a robar lemo ko ta ruwa da sunan ɓoyewa, ƙananan yara ne za su sha.

Mataki na 7: Kai shi wurin masu aikin

Ciwon damuwa mai tsanani ciwo ne da ake warkewa. A Arewa akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware a jihar Sakkwato, da Maiduguri, ga kuma na Dawanau a Kano. Asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano, na Shika a Zariya da na Jos duk suna da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. A Nijar akwai irin wannan sashe a babban asibitin ƙasa na Yamai. Wanda yake nesa ya fara da babban asibitin da ya fi kusa, ya nemi takardar turawa. Ƙungiyar SURPIN, wadda ta samo asali daga asibitin koyarwa na Legas, tana da layukan waya na ba da shawara.

Idan sunan asibitin ne ke tsorata yaron ko iyayensa, a bi ta asibitin koyarwa, inda kowa ke shiga da ciwonsa. A gaban likita a faɗi maganar yadda take: "Ya ce yana tunanin kashe kansa." Idan aka ce "ba ya barci ne kawai", maganin barci za a bayar a sallame ku. A kuma ba yaron dama ya gana da likita shi kaɗai. Akwai abin da ba zai faɗa gaban uwarsa ba.

Kuɗin da za a tanada: na mota, na buɗe kati, na gwaji idan an rubuta, da na magani wata-wata. Na mota ne ke kayar da iyalai da yawa, domin ba zuwa ɗaya ba ne, don haka a lissafa shi tun farko. A tambayi likita ko akwai samfurin maganin mai rahusa, a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya na asibitin, mai katin inshorar lafiya kuma ya tafi da shi.

Gargaɗi: maganin damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma a makonnin farko ana ƙara sa ido a kan matashi, don wasu tunanin kan ƙaru musu kafin ya lafa. Kada a tsayar da shi rana ɗaya don an ga sauƙi, kada kuma a saya a kemis ba da takardar likita ba. Ruƙiyya da addu'a ba sa hana asibiti, a haɗa su. Amma duk inda za a ɗaure yaro da mari, a doke shi ko a hana shi abinci da sunan cire aljani ko gyaran tarbiyya, kada a kai shi.

Mataki na 8: Idan ya riga ya yi yunƙuri

Asibiti mafi kusa, nan take, da duk abin hawan da aka samu. A Najeriya lambar gaggawa 112 ce, amma kada a zauna jira idan akwai mota ko a-daidaita-sahu a ƙofar gida. A tafi da kwalbar ko fakitin abin da ya sha, likita na buƙatar ganin sa. Kada a ba shi manja, madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, domin aman na iya shiga huhu. Idan ya suma a kwantar da shi ta gefe. Idan maganin feshi ya zuba a tufafinsa a cire su a wanke fatar da ruwa da sabulu. Ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a je, saboda wasu magungunan sai bayan kwana ɗaya ko biyu suke nuna ɓarnar da suka yi wa hanta.

Na san abin da ke sa iyalai ɓoyewa. Ban da surutun unguwa, sashe na 231 na dokar Penal Code, wato kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, ya daɗe yana ɗaukar yunƙurin kashe kai a matsayin laifi mai hukuncin da zai iya kai ɗaurin shekara ɗaya. Ghana ta soke irin wannan tanadi a 2023, gwamnatin Najeriya ma ta bayyana aniyar yin haka, kuma a Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ko ma mene ne, jinyar wanda ya sha guba a ɗaki ganganci ne da rai. A gaya wa likita gaskiya. Kafin a sallame shi a nemi likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi.

Mataki na 9: Rubuta tsarin kariya, a ci gaba da bibiya

Takarda ɗaya, da rubutun hannunsa, da kalmominsa. A ciki: alamomin da yake ji idan abin ya taso, abin da zai yi da kansa don ya lafa, kamar alwala, fita tsakar gida ko sauraron karatu, wuraren da zai je ya zauna cikin mutane, sunaye da lambobin manya uku da zai kira ko da tsakar dare ne, sunan asibiti da ranar komawa. A ƙasa ya rubuta abin da yake so ya rayu dominsa, ko da ƙanwarsa ce ko tantabarun da yake kiwo. Ya ɗauki hotonta a waya, kwafi ɗaya kuma na hannun babban da ya zaɓa. Wannan ya fi sa shi rantsuwa cewa ba zai sake ba, domin rantsuwa ba ta gaya masa abin da zai yi ƙarfe biyu na dare.

Makonni da watannin farko bayan yunƙuri ko bayan sallama daga asibiti su ne mafi haɗari, kuma daidai lokacin ne 'yan dubiya ke ɗaukewa. A raba aikin tsakanin mutum biyu ko uku don kada uwa ta gaji ita kaɗai. Ya riƙa kwana ɗaki ɗaya da wani. A riƙa maimaita tambayar mataki na 3 lokaci-lokaci. Sannan a taɓa tushen matsalar: idan aure ne a dakatar da shi, idan jarrabawa ce a nuna masa ana sake zama, idan wani ne ke cin zarafinsa a raba su a kai ƙara.

Mataki na 10: Makaranta da unguwa

Shugaban makaranta ya ware malami ɗaya namiji da mace ɗaya da ɗalibai suka san za su iya zuwa wurinsu, a sanar da sunayensu a taron safe, a ƙara sa ido a makon da sakamako ke fitowa. A makarantar kwana a kulle ɗakin magani da na kayan feshi. Ƙungiyar iyaye da malamai na iya gayyato ma'aikacin lafiya ya yi bayani, ranar 10 ga Satumba da duniya ta ware don wannan batu dama ce mai kyau, haka limamai da fastoci.

Idan aka yi rashin wani matashi ta wannan hanya, kada a tura hotonsa, wasiƙarsa ko bayanin yadda ya yi a zaurukan WhatsApp. Irin wannan yaɗawa na jawo wasu masu rauni su kwaikwaya. Wanda aka turo wa ya goge, ya kuma gaya wa mai turowar dalili. A je ta'aziyya ba tare da tambayar iyayen yadda aka yi ba. A cikin makon kuma a nemi abokansa na kusa da ƙannensa, ɗaya bayan ɗaya, a fara da su daga mataki na 2.